Mai Cire Filogi

Inna ta ce, wane irin gari ne Dandi?
Na ce Dundee ne, Inna, kuma karatu ya kawo ni.
Ta ce to, Barira, Allah ya sa.

Ga ni a bakin kogin Tay,
inda rana ke sallama tun la'asar ba ta yi sakaliya ba.
Mu uku ne a ɗakin kwamfuta na hawa na biyu:
ni, da Eilidh mai shan shayi ba sukari,
da Przemek da ba ya barci sai bas ɗin asuba ta wuce.

Abin da muke ginawa ƙarami ne.
Kwamfuta ta haɗiyi sabuntawa da dare,
gari ya waye ta ƙi tashi,
allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Mu so muke ta tuna yadda take jiya,
ta koma can da ƙafarta,
ba tare da ta zubar da kayan mai ita a hanya ba.
Mun raɗa wa manhajar suna Jiya.
Ƙofarta a buɗe take, kowa ya leƙa ya ga ɗinkin ciki,
ya ɗauka kyauta, ya gyara in ya iya.

Sai dai ɗinkin 'yan koyo ne.
Muna neman idon da ya taɓa ganin ɓarna.

Wasiƙa goma sha ɗaya na aika.
Bakwai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Ɗaya ya ce sai bayan hutu.
Wani daga Glasgow ya ce ai an taɓa yin irinta,
bai ko buɗe ba.
Dokta Fenwick ya ce ɗalibai sun yi masa yawa,
amma ya juya rasit ɗin kofi, ya rubuta a baya:
Morag Kinnear.
Shekara ashirin da shida tana gadin kwamfutocin asibiti,
yanzu tumatir take raino a Broughty Ferry.

Asabar, ruwa na tsuga a karkace,
na hau bas da akwatin kwamfuta a cinya
kamar mai kai jariri awo.

Ba ta ce sannu da ruwa ba.
Ta ture tukwanen shuka, ta ce nuna mini.
Na ɓata na'urar da gangan,
na danna Jiya,
layi ya fara tafiya, kashi talatin, arba'in da ɗaya,
ƙirjina na cika.

Sai ta sunkuya, gwiwarta ta yi ƙara,
ta zare filogi daga bango.

Da muka kunna,
babu jiya, babu yau.
Na'urar ta tsaya tsakiyar gada, ta manta sunanta.

Ta ce, ke daga ina?
Na ce Gusau.
Ta ce, ba a ɗauke wuta a can?

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.
Ni da na ci jarrabawa da hasken tocila a baki,
ni da na san kukan firij in zai mutu,
shekara biyu ta wutar da ba ta ƙiftawa
ta mantar da ni.

Ta ce, hanyar komawa ma hanya ce,
ana faɗuwa a tsakiyarta.
Na ga haka wani dare a sashen haihuwa,
ba na son ba da labarin.
Ta goge ƙasa daga yatsunta.
Alhamis, ƙarfe huɗu, ku zo ku ukun.
Layi ko ɗaya ba zan rubuta muku ba.
Ni dai zan riƙa cire filogi
har ranar da za ta tashi duk da haka.

A bas ɗin dawowa, da tumatir uku a aljihun kwat,
na kira gida.
Inna, na sami malama.
Me take koya miki?
Ɗauke wuta.

Shiru, sai kukan janareton maƙwabta ta cikin waya.
Ta ce, shi ne sai da kika je har Dandi?